Na Goro a Iyakar Jibiya

Ɗan kasuwa ya ɗauko kaya daga Maraɗi, ya biya haraji, takardunsa cikakku, amma jami'in kwastan ya tsare motarsa sai an ba shi na goro. In ya bayar, ya yi zunubi? Hadisi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Sai dai malamai da dama sun keɓe wanda aka tilasta wa domin ya ƙwaci haƙƙinsa, kuma ina tare da su: zaluncin na mai kaki ne. Wani zai ce ai kowa da wannan yake fakewa. To, a duba abin da kuɗin ya saya. Mai biya don a kau da ido daga shinkafar da Najeriya ta hana shigowa da ita ta ƙasa a 2016 ba shi da wani haƙƙi da aka danne masa.