Ta Wace Ƙofa Ciwon Ya Shigo?

Ƴan'uwa, sa'ad da zawo ya ɗauke yaro, mukan taru a ƙofar gidan mu yi gaisuwa, mu ce kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma akwai wata tambaya mai nauyi wadda ba mu cika yi ba. Ta wace ƙofa ciwon ya shigo? Ko da hannunmu a ciki?

Bari mu bi sawunsa. Mutum ya fita bayan gari da asuba, ya tsuguna a gindin kalgo, ya tashi ya yi tafiyarsa. A ganinsa sun rabu ke nan. Amma cikin abin da ya bari akwai ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, waɗanda ido ba ya gani. Ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya faɗa ƙwaryar fura. Kaji su taka, su shigo tsakar gida inda jariri yake rarrafe. Da damina ruwa ya kwashe saura zuwa tabki da bakin rijiya, igiyar guga da aka yar a ƙasa ta kai shi ciki. Ta irin wannan hanya kwalara take yaɗuwa, kamar yadda ta yi a Madarunfa cikin jihar Maraɗi a 2018.

Ƙuda bai san iyakar gida ba. Abin da na bari a fili, ɗan maƙwabcina ne zai sha shi gobe. Ashe gina salanga yana cikin ƙaunar maƙwabci. Ba na iya cewa ina ƙaunarsa, alhali ina zuba masa cuta cikin rijiya. Tun a jeji, shari'ar Musa ta umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya haƙa rami ya binne ƙazantarsa. Ka duba Maimaitawar Shari'a sura 23. Mutanen nan ba su da siminti, amma ba a ɗauke musu wannan nauyi ba.

Wani zai ce, "Mu talakawa ne. Da kuɗin sabulu gara hatsi." Maganarka tana da gaskiya, ɗan'uwa, ba kuwa wanda zai zargi uwar da take tafiya mai nisa domin tulu guda. Amma ka tuna da kurkunu. Dattawa sun san yadda yakan kwantar da manomi tsakiyar damina, gona ta koma ciyawa. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Mutanen karkara ne suka yi ta tace ruwa da ƙyalle, suna hana mai ciwon shiga tabki, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi. Hannun talaka ya yi wannan aiki.

Haka yake a nan. Maigida, haƙa rami aikinka ne, kada ka bar wa mata. Ka haƙa shi mita 30 ko fiye daga rijiya, a gangare ba a tudu ba. Ka shimfiɗa itace mai ƙarfi, ka daɓe da laka, ka yi wa bakin murfi, ka kewaye da zana. Uwargida, ki zuba kashin jariri cikin ramin, gama shi ma yana ɗauke da cuta kamar na babba. A rufe randa, a rataye moɗa guda ta ɗiba. A wanke hannu bayan an fito salanga, da kafin a taɓa abinci. In babu sabulu, toka tana murhu. A zuba ruwan daga buta, kada kowa ya tsoma hannu cikin ƙwarya ɗaya.

In zawo ya kama yaro duk da haka, kada a hana shi nono ko ruwa, domin bushewar jiki ce take kashewa. Cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 ba tozo, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a kai shi likita.

To, gwauruwa da tsoho da makaho fa, waɗanda ba su iya haƙa rami? Gida guda da aka bari ya isa ya ɓata rijiyar gari duka. Yadda mukan yi gayya a gona, haka ya kamata samari su ɗauki diga da shebur su je gidajensu kafin ruwan fari ya sauka.

Ɗan'uwa, da yamman nan ka zagaya bayan gidanka ka duba. In akwai gyara, ka fara tun ƙasa ba ta jiƙe ba.