Tsohuwar Mota da Tambayar Asali a Garejojin Malanville

Garin Malanville, wanda yake jihar Alibori a ƙuryar arewacin Jamhuriyar Benin, yana bakin Kogin Kwara ne daura da Gaya ta ƙasar Nijar, kuma a nan babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ratsa Parakou da Kandi take tuƙewa bayan tafiyar fiye da kilomita 700. Da yake layin dogo bai wuce Parakou ba, kayan da za su haura zuwa Dosso da Yamai a kan taya suke isowa, shi ya sa garin ya tara direbobi da makanikai da masu walda, waɗanda ba sa saurin yanke ƙauna daga mota don kawai ta tsufa.

Motar da ta fi bayyana wannan hali ita ce Fijo 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kuma masana'antar Fijo ta Kaduna, da ta soma aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da juya mata baya. Wanda ya ƙuduri aniyar tayar da irinta a yau yakan tarar daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba ya ruɓe, lagireto yana yoyo, kafireto ya toshe, giya ta uku tana fita da kanta, sannan babu kantin da zai shiga ya sayi sababbinsu na asali. Sai dai ya naɗe tsohon ƙarfen a tsumma ya ba direban da ya amince da shi don a gwada da wani a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ko Katako ta Yamai, ko kuwa ya sayi wata matacciyar Fijo sukutum ya riƙa cire mata sassa ɗaya bayan ɗaya. Rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya ƙara wa lamarin wuya, domin mutane sun koma ƙetare kogi da kwale-kwale, abin da ya fi ƙarfin hannu kuwa sai an zagaya da shi.

Bayan shekaru ana wannan fama, injin ya fito daga wata mota, ƙofofi daga wata, daɓe kuma sabon faranti ne da mai walda ya yanka, amma duk da haka mai ita yana cewa wannan motar mahaifinsa ce. Ko maganarsa gaskiya ce? Tambayar ta girme wa mota da ƙarnoni, domin marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas da mutanen Atina suka adana suna sauya katakonsa duk lokacin da ya ruɓe, har masana falsafa, wato masu binciken haƙiƙanin abubuwa da hujjar hankali, suka rabu biyu kan ko jirgin nan ne ko wani ne daban. A 1655 Tomas Hobs na Ingila ya ƙara ɗaure kan zancen da cewa a ƙaddara wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake haɗa jirgi da su, to wanne ne na asali? Abin da Hobs ya kawo a matsayin misali, a gareji aikin yau da kullum ne, saboda ƙarfen da aka cire daga wannan mota ba ya zuwa bola, gobe za a same shi a jikin wata.

Jami'in duwan, wato kwastan, yana da amsarsa a shirye: mota ita ce lambar da aka buga a jikin shasi, wato ƙashin da sauran sassa suke ɗafe a kai, muddin ta dace da takardu. Wannan amsa tana raba gardama a ofis, amma yarjejeniya ce ta hukuma kawai, kuma maha'inci yana iya yanke lambar ya liƙa ta a wani jiki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo mas'ala mai kama da wannan a Tahafutul Falasifa yayin da yake kare aƙidar tashin jikkuna, inda ya nuna cewa sassan jikin mutum suna sauyawa tsakanin ƙuruciya da tsufa amma mutumin yana nan shi ɗin ne, saboda ruhinsa bai sauya ba. Mota ba ta da ruhi, don haka babu abin da ke cikin ƙarfen da zai yanke hukunci, kuma abin da ya rage yana haɗa motar jiya da ta yau shi ne tarihinta kamar yadda mutanen da suka riƙe ta suka san shi.

Daga nan ne tambayar take barin hannun masu falsafa ta koma hannun malaman fiƙihu. Muddin magajin yana hawa abarsa, babu laifi ya kira ta motar baba, domin al'ada ta yarda da wannan suna kuma babu wanda ya cutu. Gyaran ma abin yabo ne, tunda hadisi ya hana tozarta dukiya, Bahaushe kuma ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma ranar da aka kai ta kasuwa, kalmar asali ta zama kuɗi, kuma haƙƙin wani ya rataya a kanta. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran yankin suke karantawa bisa mazhabar Malikiyya, ta hana mai sayarwa ɓoye duk abin da mai saye zai ƙi ko zai rage farashi saboda shi da ya sani. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma tsawatar da mai shi kan rashin fito da jiƙaƙƙen sama. Haka nan an hana tasriya, wato ƙin tatsar dabba na kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, aka kuma ba wanda aka ruɗa zaɓin mayar da ita. Sabon fenti a kan tsatsar da aka cike da ƙullu, da mai mai kauri da ake zuba wa injin don ya ɓoye ƙara, ba su da bambanci da waccan hantsa, kuma cewa an sayar da mota yadda take ba ya wanke wanda ya san aibi ya yi shiru.

Abin takaici shi ne bakanike mai gaskiya yakan yi tsammanin faɗin abin da ya sauya zai zubar da darajar aikinsa, alhali garambawul ɗin da ya yi wa injin da wahalar da ya sha wajen nemo giya daga Kano su ne ainihin abin da mai saye yake biya. Wajibi ne a kansa, da kan dillalin da ya shiga tsakani, su lissafa wa mai saye abin da yake na asali da wanda aka ciro daga wata mota da wanda aka ƙera a gida, kafin kuɗi su shiga hannu. Idan suka ɓoye aibin da suka sani, mai saye yana da haƙƙin mayar da motar ya karɓi kuɗinsa.