Duhun Taswira

A damunar bara ni da abokaina uku muka shiga wata gasar wasan kwamfuta ta intanet. Mu biyu muna Birnin Kudu, biyu suna Gwaram, kowa da wayarsa, ga tsadar data ga ɗaukewar sabis. An gina gasar ne a kan tafiye-tafiyen David Livingstone, likita ɗan mishan daga Sukotland. Kowace ƙungiya ayari ce. Taswirar Afirka baƙa ƙirin take, sai inda Baturen ya taka haske ke bayyana, kuma duk kogi ko ƙauyen da ka riga kowa "ganowa" maki ne gare ka.

A zagaye na uku ɗaya daga cikin mutanen Gwaram ya janye. Da na kira shi sai ya ce, "Mutumina, ba ka lura ba? Mu ne fa duhun nan." Na yi dariya, na ce ai wasa ne. Muka ci gaba mu uku, amma maganar ba ta sake ni ba. Shin wasan da bai cuci kowa ba zai iya zama abin zargi?

Hujjata ta fari ita ce, wanda ya fito a ɓarawo cikin wasan kwaikwayo bai zama ɓarawo ba. Kuma Livingstone ba dodo ba ne. Ya yaƙi cinikin bayi da alƙalaminsa, sa'an nan da ya rasu a 1873, Susi da Chuma suka jagoranci ɗaukar gawarsa tsawon watanni har bakin teku, abin da ba a yi wa maƙiyi. Mu ma Heinrich Barth, wanda muka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, har gobe masana tarihinmu na amfana da rubutunsa.

Sai dai hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mai kallon wasan kwaikwayo ya san sata sata ce. Wasan kwamfuta kuwa lada yake biya, har hannu ya saba tun zuciya ba ta yi shawara ba. A cikin gasar, 'yan dako ba su da suna. Lissafinsu ɗaya da na ƙunshin yadi da harsashi, kuma in guzuri ya yi ƙasa kana iya zubar da wasu a hanya don ayari ya ƙara sauri. Sau biyu na yi haka, ban ko yi ɗar ba. Da muka isa babban mafaɗar ruwan Zambezi, allon ya taya mu murnar gano Victoria. Alhali a 1855 mutanen Makololo ne suka kai Livingstone wurin a kwalekwale, kuma shi kansa ya rubuta sunan da suke kiransa, Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Wasan ya fi mutumin da yake karramawa mantuwa.

Wannan kalma ta "ganowa" ba baƙuwarmu ba ce. An rubuta cewa a Birnin Kudu aka fara gano duwatsu masu amon ƙararrawa a watan Yuni na 1955, kuma Bernard Fagg ne ya sanar da duniyar masana. Ba na raina aikinsa. Da ba a rubuta ba, wa ya san ko masu fasa dutse sun bar mana zanen shanun Dutsen Mesa da Dutsen Habude? Amma a lokacin kakata tana yarinya, kuma ta ce tun tasowarsu suke buga duwatsun nan.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne, ni haifaffen garin ban taɓa sha'awar zuwa wurin ba sai da na karanta labarinsa da Turanci a jami'a. Kakata ta sha faɗa mini, na ɗauka hirar tsofaffi ce. Ashe tun kafin gasar taswirata baƙa ce, ina jiran Bature ya taka ta yi haske.

An fitar da mu a zagaye na biyar. Asabar ɗin da ta biyo baya abokin nawa ya hawo motar haya daga Gwaram, muka nufi Dutsen Habude. Wani yaro mai kiwon awaki ne ya nuna mana hanya. Sai da muka dawo gida abokina ya tambaye ni sunan yaron, na rasa abin cewa.