Kyautar Mamaci, Amanar Mai Rai

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin ɗan kokowa ya juya a fage, ƙafarsa ta kafe a rairayi, gwiwa ta yi ƙara, ya zauna ya kasa tashi? Tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, wannan wasa ya zama abin alfaharin ƙasa. Amma fage yana cin gwiwa.

A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, suna riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. In ta gaba ta tsinke, galibi ba ta haɗewa. Maɗori yana ɗora ƙashi, amma hannunsa ba ya kai wa ga wannan. Mutum zai yi tafiya, sai dai in ya juya da sauri gwiwa ta zame masa.

Likitoci sun sami dabara. Sukan huda ƙasusuwan biyu, su zura wata jijiya a madadin wadda ta tsinke. Wani lokaci daga ƙafar majinyacin ake yanko ta. Wani lokaci kuma, musamman a Amurka, agarar mamaci ake sa masa.

To, ga tambaya: ya dace a taɓa gawa don a gyara mai rai? Mu dai mun san gawa tana da alfarma. Muna yi mata wanka, mu yi mata sutura, mu gaggauta kai ta makwancinta. A 1988 malaman fiƙihu na ƙasashen Musulmi sun zauna a Jidda kan dashen gaɓoɓi. Suka ce ya halatta in rai ko wani babban aikin jiki ya dogara a kai, in mamacin ya yarda tun yana raye ko magadansa sun yarda, kuma ba da ciniki ba. Kyauta ce ke nan.

Amma ni a ganina akwai tambaya ta biyu. Wanda ya karɓi kyautar nan don ya shirya ta, yaya ya riƙe ta?

Je ka majema ta Damagaram ka gani. In fata ta kwana ba a kula da ita ba, sai ta ruɓe. In ta daɗe cikin ruwan toka fiye da kima, sai ta ci, ko an sa mata bagaruwa ba za ta yi ƙarko ba. Agarar mamaci ma haka take. Ana auna jinin mamacin don kada a ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Ana wanke agarar, a daskarar da ita cikin sanyi mai tsanani. Wasu kuma suna haska ta da wani haske mai ƙarfi da ake kira gama, don ya kashe ƙwayoyin cuta.

Sakaci yana kisa. A 2001, a jihar Minesota ta Amurka, wani saurayi ɗan shekara 23 ya rasu ƴan kwanaki bayan an dasa masa ƙashi da guringuntsin mamaci a gwiwa. Da aka bincika, sai aka tarar gawar ta yi awa 19 ba a sa ta a sanyi ba.

Wuce gona da iri ma yana ɓarna. Hasken nan in ya yi yawa, yana raunana zaren agara. A 2009 likitoci a ƙasar Sin sun gwada. Agarar da aka haska ta kasa riƙe gwiwa a wajen kashi 34 cikin 100. Wadda ba a haska ba, kashi 9. Jijiyar jikin mutum kuwa, kashi 6. An kuma gano cewa ga matasa masu guje-guje, ta jikinsu ta fi ta mamaci ƙarko, don haka wajibi ne likita ya gaya musu gaskiya kafin su zaɓa.

Ka lura, majinyaci yana barci a lokacin aiki. Mamaci ba ya magana. Mai shirya agarar yana can wani ɗaki, ba mai ganinsa. Mutum biyu ne suka ba shi amana, kuma ba wanda zai iya tsare shi a cikinsu. In ya yi ha'inci, ya cuci mai rai, ya kuma tozarta kyautar mamaci.

Kada ka ce wannan zancen Turawa ne. Mai tuƙa igiyar guga, ungozoma mai tafasa reza, mai ajiye irin gero na baɗi, duk aikinsu ɗaya ne da nasa. Ba a ganin aibin igiya sai guga ya cika. Kai fa, wane aiki ne a hannunka wanda ba mai dubawa sai Allah? Ku tattauna wannan a ajin karatu, kowa ya faɗi nasa.