Shaho Huɗu da Tambayar Ramuwa

Tambayar da nake ta juyawa ita ce: wanda ya yi ɓarna da kyakkyawar niyya, shin gyara ya hau kansa?

A Tekun Indiya, gabas da Madagaskar, akwai tsibirin Morishus. Masu sha'awar kallon tsuntsaye suna zuwa can daga ƙasashe masu nisa, su shiga gandun dajin Black River Gorges da madubin hangen nesa, don su ga wani ɗan ƙaramin shaho da babu irinsa ko'ina a duniya sai a tsibirin. A 1974, guda huɗu kacal aka san sun rage a daji. Huɗu fa!

Me ya cinye su? An sare dazuzzuka, an shigo da ɓeraye da birai masu shan ƙwai. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganin DDT, wanda aka riƙa fesawa don kashe sauro saboda zazzaɓin cizon sauro. Gubar ta shiga ƙwari, tsaka ta ci ƙwari, shaho ya ci tsaka, sai ɓawon ƙwansa ya yi laushi yana fashewa kafin ƙyanƙyasa.

To, wa zai zargi mai ceton yara daga zazzaɓi? Ni dai ba zan zarge shi ba, ran ɗan Adam shi ne a gaba. Sai dai a fiƙihu, wanda ya lalata kayan wani bisa kuskure ba shi da zunubi, amma ramuwa tana kansa. Ina ganin haka lamarin yake a nan, don tsuntsun ba mallakinmu ba ne.

Wani zai ce, Malam, ana yunwa kana zancen shaho? Maganarsa tana da nauyi. Amma wannan ba sadaka ba ce da za a zaɓi inda ta fi lada, bashi ne. Kuma an fara biya: daga 1979 masanin halittu Carl Jones da abokan aikinsa suka riƙa ɗauke ƙwai suna ƙyanƙyashewa a na'ura, uwar ta sake sakin wasu, har shahon ya kai ɗaruruwa. A 2022 aka mai da shi tsuntsun ƙasa.

A tsibirin nan ne kuma aka yi tsuntsun dodo (ba dodon tatsuniya ba), wanda ba ya tashi sama. Jiragen Holan sun iso a 1598, ba a cika shekara ɗari ba ya ƙare ƙaƙaf. Shi kam bai bar ko ƙwai ɗaya da za a sa a na'ura ba.