Malami a Kan Kujerar Mulki

In aka kira malami ya bar ɗakin karatu ya karɓi mulki, ya tafi ko kuwa ya ƙi? Wannan tambaya ba ta manyan birane kaɗai ba ce. A Karaye da Rogo ma akan zo wurin malamin makaranta a roƙe shi ya tsaya kansila, ko ya riƙe ofishin ilmi na ƙaramar hukuma. Bari mu duba labarin wani maƙwabcinmu, mutumin ƙasar Benin, wadda dā ake kira Dahome.

Sunansa Paulin Hountondji. An haife shi a Abijan cikin 1942. Ya yi karatu mai zurfi a Faransa, ya zama masanin falsafa, watau ilmin bin diddigin tunani. Ya koyar a Faransa da Kongo, kāna ya komo jami'ar ƙasarsu.

Abin da ya sa ya yi suna shi ne wata gardama. Cikin 1945 wani fada ɗan Beljiyam, Placide Tempels, ya wallafa littafi a kan tunanin mutanen Bantu, sai ka ce dukansu kansu ɗaya ne. Cikin 1976 Hountondji ya amsa da nasa littafi. Abin da ya koyar ke nan: ba al'ummar da dukan mutanenta suke tunani iri ɗaya. Mai hikima sai ya faɗi tasa magana da sunansa, ya kawo dalili, ya kuma yarda a yi masa gardama.

Cikin 1989 ƙasar Benin ta shiga wahala. Gwamnati ta kāsa biyan albashi, malamai da 'yan makaranta suka yi yajin aiki wata da watanni. A watan Fabrairu 1990 aka yi babban taron ƙasa a Kwatano, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. Sai aka ba Hountondji ministan ilmi. Ya karɓa, ya riƙe har 1991, sa'an nan ya riƙe ma'aikatar al'adu da watsa labarai har 1993. Cikin 1994 ya ajiye aikin gwamnati da kansa, ya koma wurin almajiransa. Ya rasu a Kwatano cikin 2024.

To, ina gaskiya take? Waɗansu sun ce mulki ƙazanta ne, gara malami ya tsare kansa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In wanda ya san makaranta ya ƙi, lalle wanda bai sani ba zai karɓa, 'ya'yanmu kuwa su ne za su sha wahala. Ƙin aiki domin tsoron ƙura ba tsarki ba ne, ragwanci ne.

Duk da haka akwai haɗari. A gidan mulki ana son kowa ya ce amin tare. Malami kuwa amfaninsa ke nan, ya iya cewa, "Ban yarda ba, ga dalilina." Ran da ya sayar da wannan domin mota da gaisuwa, ba malami ba ne kuma, ko da takardunsa sun cika akwati.

Saboda haka shawararmu ga wanda aka kira ita ce, ya tafi, amma da abu biyu a hannu. Na fari, bakinsa ya zauna nasa. Na biyu, kada ya rufe hanyar komowa aji, gama zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ba ya jin tsoron sauka, shi ne zai iya faɗin gaskiya yana bisa kujera.

Mu kuma da muke turawa, akwai namu nauyi. In muka aiki malaminmu, sa'an nan muka cika ƙofarsa da roƙon a ɗauki ɗanmu aikin da bai cancanta ba, ashe mu ne muka fara lalatar da shi. Mu tambaye shi allo da alli da albashin malamai a kan kari. Ran da ya sauko hannu wofi kuma, kada mu yi masa dariya. Mu tarye shi da girmamawa.