Hukuncin Tafiya Ba Takalmi A Cikin Birni

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa domin bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin bayin Allah waɗanda tarihin Musulunci ya kiyaye sunayensu akwai Bishru ɗan Harisu, wanda aka fi sani da Bishrul Hafi, watau Bishru mai tafiya ba takalmi. An haife shi a ƙasar Hurasan wajen shekara ta 150 bayan Hijira, amma a Bagadaza ya zauna, a can kuma ya rasu a shekara ta 227. Bagadaza kuwa, wadda Halifa Mansur ya kafa a shekara ta 145, ita ce fadar Abbasiyawa a zamanin Haruna Rashid da ɗansa Ma'amun, birni mai manyan kasuwanni da gadoji a kan kogin Dijla, dawaki da alfadarai da jakuna suna kai da kawowa a cikinsa dare da rana. A cikin wannan cinkoso ne Bishru ya yi shekaru yana yawo ƙafarsa a ƙasa, rani da hunturu, alhali shi malamin hadisi ne wanda Imamu Ahmadu ɗan Hambali yake girmamawa ƙwarai saboda tsantseninsa.

Marubutan tarihi sun kawo dalili fiye da ɗaya. Ibnu Hallikana ya ruwaito cewa wata rana igiyar takalminsa ta tsinke, ya tafi wurin wani baduku ya roƙi guntuwar igiya. Badukun ya yi masa gori a kan yadda shi da ire-irensa suke ɗora wa mutane nauyi. Nan take Bishru ya yar da takalmin da yake hannunsa, ya tuɓe na ƙafarsa, ya rantse ba zai ƙara sa takalmi ba. Sufaye kuma suna cewa ranar da ya tuba ya bar shagalin ƙuruciya babu takalmi a ƙafarsa, saboda haka ya ji kunyar ya sake halin da Allah Ya karɓe shi a cikinsa, kuma yana ganin ƙasa shimfiɗar Ubangiji ce, ba a taka shimfiɗar sarki da takalmi. Ko wanne aka ɗauka, al'amari ne tsakanin mutum ɗaya da Ubangijinsa.

Shi Bishru da kansa ya ba da labarin cewa ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Mu'afa ɗan Imrana, ɗaya daga cikin malamansa. Aka tambayi ko wane ne, ya ce Bishrul Hafi. Sai wata 'yar yarinya daga cikin gidan ta amsa masa cewa da zai sayi takalmi na daniƙi biyu, da wannan suna ya rabu da shi. Daniƙi shida ne dirhami guda, watau kuɗin da yarinyar take nufi sulusin dirhami ne kawai. Maganar ta fito daga bakin ƙaramar yarinya, amma malamai ba su raina ta ba, domin ta taɓo inda ciwon yake: aikin da ya sa aka san mutum a gari, har ya zama laƙabinsa, yana kusa da ƙofar riya ko da mai shi tsarkakakke ne. Bayan ɗaruruwan shekaru, Ibnul Jauzi, babban mai wa'azin Bagadaza wanda ya rasu a 597, ya bayyana cewa da Bishru ya rufa asirin halinsa da takalma biyu da ya fi masa. Ibnul Jauzi bai tuhumi niyyar Bishru ba. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki wannan hali a mai da shi sunna.

To, mece ce sunnar? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da takalma na jemammiyar fata wadda aka cire gashinta, masu igiya bibbiyu, kuma Abdullahi ɗan Mas'udu ya shahara da ɗaukar masa su. Yakan yi salla da su. Ran da ya tuɓe su a tsakiyar salla, sahabbai suka tuɓe nasu, da ya sallame ya bayyana musu cewa Jibrilu ne ya sanar da shi akwai ƙazanta a jikinsu. A hadisin Jabir wanda Muslim ya ruwaito, ya umurci sahabbai su yawaita sa takalma, ya kamanta mai takalmi da wanda yake bisa abin hawa. A ɗaya ɓangaren kuma, Abu Dawuda ya ruwaito cewa an tarar da Fadalatu ɗan Ubaidu, yana shugaba a ƙasar Masar, ba takalmi a ƙafarsa, da aka tambaye shi ya ce Annabi yakan umurce su su riƙa tafiya ba takalmi wani lokaci. Abdullahi ɗan Umar ma ya ba da labarin ranar da mutum goma sha wani abu suka raka Annabi gaishe da Sa'adu ɗan Ubada, babu mai takalmi ko huffi ko hula a cikinsu. Saboda haka tafiya ba takalmi halal ce, kuma jefi-jefi magani ce ga mai sarauta ko mai dukiya wanda jin daɗi yake neman ya sangarta shi. Amma lizimtarta da nufin ibada ba shi da tushe. 'Yar'uwar Uƙbatu ɗan Amiru ta yi bakance za ta tafi Ɗakin Allah a ƙasa, a riwayar Muslim har ba takalmi, Annabi kuwa bai yaba mata ba, ya ce ta yi tafiyar ta kuma hau abin hawa.

Akwai masu kafa hujja da umurnin da aka yi wa Annabi Musa, a cikin Suratu Ɗaha, na ya tuɓe takalmansa a kwarin Ɗuwa mai tsarki. Wannan wuri ne keɓantacce, da lokaci keɓantacce. Tuɓe takalmi a gaban sarki ko suruki ko malami, wanda aka sani a ƙasar Hausa, ladabi ne na al'ada, babu laifi a cikinsa matuƙar ba a ƙirga shi cikin farillai ba, kuma ba a mai da shi hanyar wulaƙanta talaka ba, kamar a bar tsoho tsaye a kan zazzafan siminti yana jiran a yi masa iso.

Malaman mazhabar Maliku, wadda ita ake bi a wannan ƙasa, sun yi wa mas'alar duba na mutanen da suka san hanyar kasuwa. Shehu Halilu, wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu a 776, ya lissafa a cikin Muhtasar najasar da aka yi afuwa a kanta saboda wuyar kauce mata. A ciki akwai taɓon ruwan sama, da kuma huffi da takalmi idan kashin dabbobin hawa ko fitsarinsu ya same su, muddin an goge su da ƙasa. Sa'an nan ya kawo zaɓin Imamu Lahmi cewa ƙafar matalauci, wanda ba shi da halin sayen takalmi, hukuncinta ɗaya da na takalmin: ya goge ta da ƙasa ya yi sallarsa. Game da mawadaci wanda ya ga dama ya fita haka nan, malaman baya sun rabu gida biyu. A lura da wannan da kyau. Shari'a ba ta ɗauki mai tafiya ba takalmi a birni a matsayin wanda ya kai wani muƙami ba. Ta ɗauke shi mai lalura ne wanda ya cancanci sauƙi, kuma ta rarrabe tsakanin wanda rashi ya tilasta da wanda ya zaɓa.

Wannan rarrabewa ita ce take da nauyi a biranen yau. Wanda ya ratsa Kano daga Kurmi zuwa Kantin Kwari, ko ya tsaya a tashar mota a Kaduna ko Sakkwato, ba zai ga malamai da attajirai suna horon zukatansu da tafiya ba takalmi ba. Yara zai gani, yawancinsu almajirai, waɗansu ba su kai shekara goma ba, da roba a hannu, suna taka kwaltar da zafin Afrilu ya gasa, da damina kuma suna kutsawa cikin ruwan kwata. Hanyar birnin yau kuwa ta ɗara ta Bagadaza haɗari, gama bayan kashin dabbobi akwai fasasshiyar kwalba da ƙusa da gwangwani da allurar da aka yar a bola. Likitoci sun tabbatar cewa akwai wata tsutsa da take rayuwa a ƙasa mai danshi inda ake ba-haya a fili, tana huda fatar tafin ƙafa, ta bi jini har ta isa hanji, ta kafa baki tana shan jinin mai ita. Yaron da take cikinsa zai yi fari fat, ya rasa kuzari, hadda ta ƙi zama, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Cutar sarƙe-haƙora ma ta hanyar sukar ƙusa ko ƙaya take shiga, kuma tana kisa. Faso da kaushi na hunturu, waɗanda ake ɗauka ƙaramin abu, ƙofa ce buɗaɗɗiya ga dukkan waɗannan.

Abin baƙin ciki shi ne akwai iyayen da suke lulluɓe wannan sakaci da rigar addini. Sukan ce karatu ba ya samuwa sai da wahala, kuma magabata haka suka sha. Gaskiya ne magabata sun sha wahala, amma Bishru baligi ne mai hankali, wanda ya yar da takalminsa da hannunsa domin kada ya ƙara roƙon kowa ko guntuwar igiya. Yaro ɗan shekara bakwai wanda aka sauke a tasha ba shi ya zaɓa ba, kuma roƙon da Bishru ya guje wa shi ne aka ɗora masa safe da yamma. Gudun duniya na wanda duniyar take hannunsa ne ya sake ta. Ibnu Abi Zaidi ya bayyana a cikin Risala, littafin da ake karantawa a kowane zaure, cewa ɗawainiyar 'ya'ya ƙanana waɗanda ba su da dukiya tana kan ubansu, maza har su balaga, mata har su tare a gidan miji. Ɗawainiya ta haɗa ci da tufa, takalmi kuwa a cikin birni tufa ne. Tura yaro makaranta ba ya sauke wannan wajibi, malamin da ya karɓi yaran da suka fi ƙarfinsa shi ma ya ɗauki amanar da za a tambaye shi. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ilmin almajirai a 2023, amma hukuma ba ta gaje matsayin uba a shari'a ba.

Saura maƙwabta. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi ya hana tafiya da takalmi ɗaya, ko dai a sa duka biyu ko a tuɓe duka, kuma a riwayar Muslim wanda igiyar takalminsa ta tsinke kada ya yi tafiya da ɗayan sai ya gyara. Sau da yawa almajirin da ya yi sallama a ƙofar gida yana janye da silifa ƙafa ɗaya, ɗayan ya tsinke ya soke hancinsa da ƙusa ko waya, ko kuma an ɗauke masa a ƙofar masallaci ran Jumma'a. Masu gida sukan zuba masa ragowar tuwo ba tare da sun dubi ƙafarsa ba, alhali kuwa mai gyaran takalmi yana wucewa ta wannan layi kowace safiya yana buga akwatinsa, kuɗin ɗinkin kuma bai kai na goron da maigida zai ci kafin azahar ba.